Kare Goma, Kwalba Ɗaya: Gardamar Tsutsar Zuciya a Cikin Badala

Da rani, in an kawar da amfanin gona, wanda ya saba sammakon fita a unguwannin da ke jikin tsohuwar ganuwar Kano ya san wannan hayaniya. A-kori-kura ta tsaya a bakin titi, samari da gorori da adduna suna ɗarewa, karnuka kuma ana cicciɓa su ɗaya bayan ɗaya, wasu na haushi, wasu sun yi tsit kamar sun san inda aka nufa. Bakanon cikin gari ba ya wasa da kare. Yaro in ya gan shi dutse yake nema, dattijo kuma ya tattare bakin rigarsa. Duk da haka farauta ta girmi ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, tunda Barbushe ma, a labarin da aka gada, maharbi ne. Malamanmu na Malikiyya kuwa ba su hana ajiye kare don farauta ko kiwo ko gadin gona ba. Shi ya sa har yau akan sami gidan da ke da kare shida, takwas, har goma, a wani lungu da baƙo ba zai taɓa zato ba.

Wajen mai irin wannan gida kare jari ne, kuma jarin yana ƙafafunsa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ranar da ka ji mafarauci ya ce “karen nan ya daina gudu”, to ya gaya maka asara ce. Sai ka ga karen da bara yake riga kowa isa ga zomo, bana yana ɗan sassarfa ya tsaya yana haki, ga tari busasshe, ga rama alhali yana cin tuwonsa, daga baya ciki ya kumbura da ruwa. Wani ya ce ƙashi ya haɗiya, wani ya ce tsufa ne, ba a rasa mai cewa an yi masa sammu saboda hassada. Cikin cututtukan da ke iya kawo wannan hali akwai wadda yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba, wato tsutsar zuciya.

'Yar uwa ce ga tsutsar da ke kawo wa mutane tundurmi, kuma sauro ne dillalinsu duka biyun. Sauro ya ciji karen da ke ɗauke da ita, ya zuƙo 'ya'yanta da ke yawo a jini. Su yi kamar mako biyu a cikinsa in akwai zafi, sannan ya sauke su a jikin wani kare. Daga nan sai su yi ta tafiya a ƙarƙashin fata da tsoka har su faɗa jijiyar jini, su yi masauki a manyan jijiyoyin da ke kai jini huhu da kuma ɓangaren dama na zuciya. Cikin wata shida zuwa bakwai sun balaga sun fara haihuwa. Macen takan kai tsawon santimita 30, fara siririya kamar taliya, kuma tana iya shekara biyar zuwa bakwai a raye. Ba a ganinta a kashi kamar tsutsar ciki, saboda haka mai kare ba shi da abin da zai nuna ya ce ga ta. Binciken likitocin dabbobi ya gano ta a karnukan Najeriya. Sauro kuma ba baƙo ba ne a cikin badala: kududdufan da kakanninmu suka haƙa don ƙasar gini, da kwatoci, da Jakara mai ratsa gari, duk gonarsa ce.

In ta riga ta balaga, kashe ta aiki ne ja. Allurar da ake yi, melasomin, tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba, kuma bayan an yi dole a tsare karen makonni ba gudu ba tsalle, don kada gutsattsarin matattun tsutsotsi su toshe masa huhu. Wa zai ɗaure karen farauta wata biyu a tsakiyar rani? A nan dai kowa ya yarda rigakafi ya fi magani. Inda aka rabu shi ne wane rigakafi, da kuɗin wa, kuma ko ma ya cancanci a sa shi a gaba.

Na ji gardamar ne a bakin mutum biyu da na sani, wani dattijon mafarauci a unguwarmu da ɗan ƙanwarsa wanda ya karanta likitancin dabbobi a Zariya. Sun shekara suna yin ta, in an haɗu wajen suna ko ɗaurin aure sai a ɗora daga inda aka tsaya.

Hujjar dattijon lissafi ce, kuma lissafin nasa ba shi da ƙura. Ƙwayar rigakafin da ake yi wa karnuka musamman, irin su Heartgard da ta fito a Amurka a 1987, sau ɗaya ake ba da ita a wata. Ga Ba'amurke mai kare ɗaya da ke kwana a falo wannan ba komai ba ne. Mai kare goma kuwa ƙwaya 120 yake bukata a shekara, kowacce daga waje aka shigo da ita da dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san yadda kayan waje suka koma. A jihar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 71,000 a 2024, mutumin da ke ciyar da karnukansa da ƙanzo da ragowar tuwo da ƙashin da ya roƙo wajen mahauta ba zai sayi wannan ba ko da wasa. Amma sinadarin da ke cikin ƙwayar, ibamektin, shi ne dai a cikin kwalbar allurar shanu da tumaki da ake sayarwa a kowane shagon maganin dabbobi, wadda makiyaya ke kira Ivomec ko da wani kamfani ne ya yi ta.

“To gaya mini, Likita,” in ji shi, “me ya raba su in ba kwali ba?”

Wani abin mamaki, in aka bi alƙaluma, dattijon ya ma fi yadda yake zato gaskiya. Abin da kare ke bukata don rigakafin wannan tsutsa kaɗan ne ƙwarai: maikurogiram 6 a kan kowane kilo na nauyinsa, sau ɗaya a wata. Maikurogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram. Mililita ɗaya na allurar shanun nan tana ɗauke da maikurogiram 10,000. Kare mai kilo 20 na bukatar 120. Ke nan mililita ɗaya ta ishi irin wannan kare sama da 80 na wata guda, gidan kare goma kuma ba zai shanye mililita ɗaya da rabi ba a shekara. Kwalba mai mililita 50 sai ta lalace a kan kanta kafin a ci rabinta. In kuɗin magani ne kaɗai matsalar, ai babu matsala.

Yakan ƙara da cewa wannan magani ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Shi ne Mectizan da ake rabawa kyauta a ƙauyuka saboda makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa, tun da kamfanin Merck ya yi alkawarin bayar da shi a 1987, kuma da shi ake haɗawa wajen yaƙi da tundurmi. Mutanen da suka gano shi, Satoshi Omura na Japan da William Campbell, sun sami kyautar Nobel a 2015, tare da Tu Youyou 'yar ƙasar Sin wadda aikinta ya haifar da maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha yanzu. Dattijon bai san sunayen nan ba, ni na ƙara su. Abin da ya sani shi ne, maganin da ake ba ɗan Adam da saniya, ba ya ganin dalilin da zai sa a ce sai mai dala ne zai ba karensa.

Ɗan ƙanwar tasa ba ya musun ko ɗaya daga cikin wannan. Da lissafin ma yake kama shi.

“Kawu,” yakan ce, “nuna mini sirinjin da za ka auna kashi ɗaya cikin tamanin na mililita da shi.”

Babu. Ɗigo ɗaya tak daga bakin sirinji ya ninka abin da karen ke bukata wajen sau huɗu. Abin da ke faruwa a zahiri kuwa, mai shago ko wani abokin farauta ya ce a zuƙi mil ɗaya, ko biyu in karen babba ne, a tsira masa. Wannan ya ninka ma'aunin rigakafi sau tamanin zuwa sama da ɗari da hamsin. Gaskiya ne yawancin karnuka suna jure ibamektin fiye da ma'aunin rigakafi nesa ba kusa ba, shi ya sa likitoci ke amfani da shi da ɗan yawa wajen ƙazuwa, shi ya sa kuma mutane da dama suka yi ta yi ba su ga komai ba har suka saki jiki. Amma juriya tana da iyaka, kuma kwikwiyo da ramammen kare su ke fara faɗawa. Maganin ya hau ƙwaƙwalwa, idanu su buɗe tar, yawu na dalala, kare na tangaɗi kamar ya sha wani abu, wani ya makance na kwanaki, wani ya suma bai farfaɗo ba. Babu wata allura da ke karya shi nan take. Ni kaina na ga kwikwiyo uku 'yan ciki ɗaya da aka rasa a mako guda, bayan wani mai shago da ba zan ambata ba ya auna musu da ido. Garin neman gira aka rasa ido.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. A 2001 masu bincike a wata jami'a ta jihar Washington a Amurka suka gano wani naƙasu na gado da ke sa wasu karnuka kasa tare maganin daga shiga ƙwaƙwalwa. Ya fi yawa a karnukan kiwon tumaki na Turai irin su Koli, kuma ana samunsa jefi-jefi a cikin Alseshan, wanda muke kira karen 'yan sanda. Ma'aunin rigakafi ba ya cutar da su, amma ma'aunin shanu na iya kashe su. Alseshan ya cika gidajen masu hali a wajen gari, kuma kare ba ya tambayar asali in zai yi barbara.

Sai batun kwalbar kanta. Wata an haɗa ta da maganin tsutsar hanta na shanu, wata ta zubawa ce a gadon baya ba ta sha ko allura ba, wata kuma jabu ce, lambar NAFDAC ɗin da ke jikinta ma ta bogi. Wanda ya ce zai sirka da ruwa don ya sami sauƙin awo ya sake shiga wani ramin, domin ibamektin ba ya narkewa sosai a ruwa. Sai kare ɗaya ya sha ruwa zalla, na bayansa ya kwashi duka. Likitoci da wani ruwa na musamman suke sirkawa. Abu na ƙarshe, wanda ya fi tayar wa matashin hankali: in karen ya riga ya kamu, jininsa cike da 'ya'yan tsutsa, aka ɗirka masa magani mai yawa, suna iya mutuwa lokaci guda su jefa shi cikin mummunan hali. Don haka ƙa'ida ita ce duk karen da ya wuce wata bakwai a duba jininsa kafin a fara.

A nan dattijon ya sami abin riƙewa, kuma ina ganin yana da hujja. Gwajin jini na kare goma, ga kuɗin mota zuwa asibitin dabbobi na Gwale, ga wahalar ratsa gari da karnuka a tsakiyar rana mutane na tsaki, ashe an dawo gidan jiya. An ce masa ƙwaya ta yi tsada, ya nemo mai araha, yanzu an ce mai arahar ma sai ya biya kuɗin gwaji da na likita. Mai ilimi, in ji shi, kullum yana da hanyar da zai nuna wa talaka cewa abin da yake iyawa haɗari ne, abin da ba shi da haɗari kuma ba ya iyawa. Ya ce shekara nawa yana yi wa karnukansa Ivomec saboda kaska da ƙazuwa, in ma tsutsar tana nan ai ya daɗe yana kashe ta bai sani ba.

Wannan magana ta ƙarshe rabinta gaskiya ce. Maganin baya yake dubawa: yana kashe ƙananan da sauro ya zuba cikin wata gudan da ya wuce, kafin su yi ƙwari. Allurar da aka yi don ƙazuwa za ta share waɗanda ta tarar. Amma wanda ya yi a watan Sha'aban bai sake yi ba sai bayan Babbar Salla ya bar ƙofa a buɗe wata uku ko huɗu, waɗanda suka shiga a farkon wannan tazara kuma sun wuce inda ƙaramin ma'auni zai tabbatar da kashe su. Abin da ake bukata kaɗan ne a kan lokaci, shi kuwa yana ba da mai yawa jefi-jefi. Hatta a kwarin kogin Misisifi na Amurka, inda ake da kuɗi da likitoci, an tabbatar da tsutsotsin da suka daina jin wannan dangin magani, abin da ya isa ya sa mutum ya daina wasa da awo.

Wasu kan kawo sassauci su ce a yi rigakafin da damina kawai, daga Yuni zuwa wata ɗaya ko biyu bayan ɗaukewar ruwa, a huta da rani. A ƙauyen da tafki ke ƙafewa ƙaf wannan na iya yin ma'ana. A cikin gari ban gamsu ba. Sauron kwata ba ya tafiya hutu, duk wanda ya kwana a soro a watan Maris shaida ne. Ga shi kuma farautar yanzu ba ta tsaya a dazukan kusa ba. Kisan gillar da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar dawowa Kano daga Fatakwal, Allah Ya jiƙansu, ya nuna wa waɗanda ba su sani ba irin nisan da sana'ar ke kai mutanenmu. Karen da ya yi watanni a kurmi, inda ruwa da sauro ba sa yankewa, ba kalandar daminar Kano za a yi masa ba.

Sai dai akwai tambayar da su biyun suka daɗe suna kewayewa, kuma a ganina ita ce ta fi nauyi. In mai kare goma yana da 'yan kuɗin da zai kashe a kan lafiyarsu sau ɗaya a shekara, tsutsar zuciya ce ta fi cancanta? A'a. Ciwon haukan kare ne. Tsutsar zuciya kare take kashewa a hankali, mutum kuwa da wuya ta taɓa shi, in ma ta shiga takan mutu ta bar ɗan ƙulli a huhu. Haukan kare yaron maƙwabci yake kashewa, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kashi 40 cikin ɗari kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ga lungunan cikin gari yadda suke a matse, ga almajirai da 'yan makaranta, ga kare da ke cuɗanya da namun daji irin su dila ya dawo gida. Allurar rigakafinsa sau ɗaya ce a shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke aiki tun 1924 tana yin ta a nan gida, kuma akan yi gangamin yi wa karnuka a kusa da ranar 28 ga Satumba. Bayan wannan sai kaska, wadda cututtukan jinin da take sa wa kare su ma suna kawo rama da kasala da ɗashewar dasashi. Sau da yawa karen da “ya daina gudu” kaska ce ta cinye shi.

To ina na tsaya? Ina tare da dattijon a kan cewa ba za a ce wa talaka ƙwayar dala ko babu ba. Wannan ba shawara ba ce, sallama ce. Ina tare da matashin a kan cewa kwalbar shanu a hannun mai awo da ido guba ce mai jiran rana. Abin da ke da tsada a wannan lamari awo ne da sani, su kuwa ana iya tarayya a kansu yadda ba a iya tarayya a kan ƙwaya. Mafarauta ba a warwatse suke ba. Suna da ƙungiyoyi da shugabanni, suna haɗa kuɗin mota da na mai duk fita, suna da ranar taro. Ƙungiyar da ke da kare sittin ko ɗari tana iya kiran likitan dabbobi ɗaya ya zo inda suke, maimakon kowa ya ja nasa zuwa asibiti. A zama ɗaya ya yi allurar hauka, ya ɗebi jinin manyan karnukan. Ba lallai sai da kayan gwajin waje masu tsada za a fara ba. Madubin likita na nuna 'ya'yan tsutsa a jini, ko da yake yana bukatar gwani, don akwai wata tsutsar mai kama da ita wadda ƙuma ke yaɗawa kuma ba ta cutarwa, sannan wani karen yana ɗauke da manyan ba tare da 'ya'yan sun fito a jini ba. In an duba an ga tsutsar na nan a cikin karnukansu, likitan ya sirka kwalba ɗaya ta gaskiya yadda ya kamata, ya rubuta wa kowane kare ma'auninsa gwargwadon nauyi, a riƙa bayarwa ranar ɗaya ga wata. In an duba shekara biyu a jere ba a ga komai ba, sai a zauna da likitan a sake shawara, wataƙila a taƙaita ga masu zuwa kurmi, kuɗin ya tafi wajen kaska. Ɗaliban likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da na Bayero kullum suna neman jinin da za su yi nazari a kai. Ga jini nan a bayan gidansu.

Da na kawo wannan a gabansu, matashin ya ce zai zo kyauta ranar farko in Kawu zai tara mutane. Dattijon ya yi shiru, sannan ya kawo cikas ɗin da ni ban hango ba: da me za a auna nauyin karnukan? Mai sikelin hatsi ba zai yarda a ɗora masa kare a kan abin da yake auna abincin mutane ba, ko nawa za a ba shi. Aka yi ta shawara har aka tsaya a kan sikelin tsayawa irin na masu awon nauyi a bakin kasuwa. Yaro ya hau shi kaɗai a rubuta, ya sake hawa rungume da kare a rubuta, a ɗebe na farko daga na biyu. Dattijon ya ce ya ji, amma akwai wani baƙin karensa da ba a haifi yaron da zai rungume shi ba, wannan sai dai Likita ya ɗauka da kansa.